Yadda Tumatir Ke Aika wa Juna Saƙo a Cikin Kwando

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a kasuwar Mile 12 lokacin da ake sauke kwandunan tumatir daga motocin da suka taso daga Kano ko Jos, ya san cewa kayan da aka ɗora da sauran ɗanyensu sukan iso Legas jajawur, wasu ma sun fara lalacewa. Ga amsoshin tambayoyin da 'yan uwanmu 'yan gwari suka sha yi mini kan wannan al'amari.

Tambaya: Tsiro ba shi da ƙwaƙwalwa, to ta yaya yake gane abin da ke kewaye da shi?

Amsa: Kowace ƙwayar halittar tsiro tana ɗauke da wasu furotin masu karɓar saƙo, kowanne da sinadarin da yake ganewa, kamar yadda kwaɗon ƙofa ba ya buɗuwa sai da makullinsa. Idan sinadarin ya maƙale masa, siffar furotin ɗin takan sauya, ya motsa na kusa da shi, har labari ya isa cibiyar ƙwayar, inda ake kunna wasu ƙwayoyin gado a kashe wasu.

Tambaya: Me ke nunar da tumatir a kan hanya?

Amsa: Wata iska ce da ake kira etilin, wadda tumatir ɗin kansa ke fitarwa, domin har bayan an tsinke shi yana nan da rai, yana numfashi. A 1901 wani masani ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano cewa etilin da ke cikin gas na fitilu ne ke karkatar da girman tsiron waken Turawa (peas), sannan a 1993 aka gano furotin na farko mai karɓarta, wanda aka sa wa suna ETR1. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan furotin yake aiki a matsayin birki: muddin babu etilin, yana danne umarnin nuna, amma da zarar iskar ta maƙale masa, da taimakon ɗan ƙwayar jan ƙarfe da ke jikinsa, sai birkin ya saki, kore ya gushe, ja ya bayyana, naman tumatir ɗin ya yi laushi. Wanda ya fara nuna kuma yakan ƙara yawan etilin da yake fitarwa, haka ma wanda ya fashe a ƙasan kwando saboda nauyi, shi ya sa guda ɗaya kan ja maƙwabtansa duka. Ayaba da mangwaro da gwanda haka suke, amma lemu ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi.

Tambaya: Kabaid da wasu ke nunar da ayaba da shi fa?

Amsa: Idan ya sha danshi yakan fitar da iskar asetilin, wadda ke yaudarar furotin ɗin nan saboda kamanninta da etilin. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kansa domin yakan zo da guba irin su arsenik, kuma a ganina babu ribar da ta kai a saka lafiyar mai saye cikin haɗari.

Tambaya: Idan tsutsa ta ci ganye ɗaya, sauran ganyen sukan sani?

Amsa: Sukan sani. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun nuna cewa sinadarin gulutamet da ke zuba daga raunin yana buɗe ƙofofin kalsiyam a jikin ƙwayoyin, sai kalsiyam ɗin ya bi jijiyoyin tsiron kamar igiyar ruwa, da gudun kusan milimita 1 a daƙiƙa. Cikin 'yan mintuna, ganyen da tsutsar ba ta kai gare shi ba ya riga ya fara haɗa sinadaran kare kansa.