Waiwaye: daga mazari zuwa allura, hannun mata a tufafin ƙasar Hausa

Idan aka ɗauko tsohuwar riga saƙi, akan faɗi garin da aka rina ta, a yaba masaƙi, a yaba maɗinki. Da wuya a ji wanda ya tambayi wadda ta kaɗa zaren. Alhali kuwa daga cikin gida ya fito, daga hannun matar da mai rigar bai taɓa gani ba.

Kaɗi aikin mata ne, kuma ba da mazari yake farawa ba. Sai an gurje auduga tukuna: a ɗora ta kan dutse mai sulɓi, a murza ta da siririn ƙarfe har angurya ta fita. Daga nan a shiɓe ta da baka ta tashi, ta rabu da datti, a naɗa ta ta zama sutu. Makaɗiya ta riƙe sutu a hagu, ta murza mazari da dama, gululun yumɓu da ke gindinsa ya ba shi nauyin juyawa, tana dangwalar alli don kada yatsu su yi santsi. Abin da ke fita iri biyu ne. Akwai zare siriri mai murɗi sosai, shi ake ja a tsaye domin yana jure ja. Akwai abawa, mai kauri da laushi, ita ake jefawa a kwance. Audugar da ta sha laima ba ta shiɓuwa, kuma idan murɗi ya gaza zaren zai riƙa tsinkewa a masaƙa, idan ya yi yawa ya riƙa ƙudundunewa. Masaƙi guda yana cinye zaren mata da dama, shi ya sa yawan tufafin da gari ke fitarwa ya dogara da yawan makaɗiyansa.

Matan suna saƙa ma. Maza na saƙa ƙyalle siriri mai tsawo da ake harhaɗawa, mata kuwa suna kafa masaƙarsu a tsaye jikin bango, su fitar da falle mai faɗi na gwado ko majanyi.

A ƙarni na 19, zamanin daular Sakkwato, wannan zare ya yi tafiya mai nisa. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus a ƙasar Libiya ta yau, da Tambutu ta yamma. Turkudin Kura ya zama rawanin Buzaye. Ayarin da ya tafi da shi yakan dawo da alharini, jan silikin da ya ratso Sahara, wanda Yarbawa suka karɓa da sunansa suka ce alaari. Silikin daji da muke kira tsamiya, wanda mata ke dafa gidan tsutsarsa da ruwan toka har danƙon ya saki kafin su kaɗa, shi ne sanyan a bakin Yarbawa. Saƙinmu kuma su suna ce masa etu, wato zabo, saboda zanensa. Riga guda tana iya haɗa zaren Bahaushiya da saƙar Banufe da mai saye a Ilori. Ta cikin ciniki waɗannan al'ummu suka san ɗanɗanon juna, har suka ari kalmomin juna.

Mulkin Turawa ya sauya hanyar auduga. An kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902 domin ciyar da masaƙun Lankasha a Ingila, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka gina injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Duk da haka kaɗi bai mutu nan take ba, domin sau da yawa masu saye na gida sun fi kamfani biya. Abin da ya karya shi a hankali shi ne zaren inji mai araha, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957 da waɗanda suka biyo ta. Masaƙun da kansu suka durƙushe, ta farkon a 2002, babbar masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta Kaduna a 2007, amma mazari bai dawo ba.

Baƙi da yawa sun ɗauka macen da ke kulle ba ta da sana'a, don ba su gan ta a kasuwa ba. Kuskure ne babba. Baturiyar Ingila Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa akwai kasuwa sukutum a cikin gidaje, yara da tsofaffi ne ke kai kaya da kawo kuɗi. Abin da mace ta samu nata ne a shari'a. Da shi take zubin adashi, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Da kaɗi ya ja baya, sai matan suka koma ga allura. A da, aikin wuyan babbar riga na maza ne, galibi malamai da almajirai. Daga wajajen ƙarshen shekarun 1970, da maza suka karkata ga keken ɗinki da aikin albashi, matan birnin Zariya suka shiga aikin hannu, bayan sun riga sun ƙware a ɗinkin hula. Mai zane ya zana aska biyu ko aska takwas da tambari a kan shadda, mace ta cike, a kai mabuga a buge aikin ya kwanta ya yi sheƙi. Cikon yakan ci makonni, babbar riga irin malum-malum har watanni. Mai ba da aiki ne ke kawo yadi da zare, shi ke yanke lada, kuma a nan ne rabon mace ya fi ƙanƙanta.

A 1994 wasu matan Zariya suka kafa ƙungiyar masu aikin hannu da sunan Sarauniya Amina, tare da goyon bayan Elisha Renne, wadda daga baya ta koyar a jami'ar Michigan ta Amurka. Suka ɗauki zanen riga suka mayar kan rigar matashin kai da jaka da tufafin mata, kayansu suka kai kasuwar sana'o'in hannu ta Santa Fe a Amurka. A can mai saye yana jin cewa matan aure Musulmi ne suka yi aikin a ɗakunansu, tsakanin girki da salla, yana kuma iya tambayar ma'anar dagi.

Irin wannan ciniki yana da tarkonsa. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, don haka a wanke shi kafin a yanka, in ba haka ba awon da aka aiko ya ɓaci. A gwada zare mai launi a ruwan ɗumi da farin ƙyalle, domin idan ya zuba a kan farin yadi aikin wata guda ya tafi. Jan zare da ƙarfi yana tattare yadi, bugu kuma ba ya gyara shi duka. Tawadar zane ta zama mai fita, hannu ya zama babu maiƙo. Wa'adin kai kaya a lissafa shi da azumi da bukukuwan salla. Batun hoto kuma a yi shi tun kafin a karɓi oda: wata ta yarda a ɗauki hannunta da aikinta kawai, wata ta yarda a rubuta sunanta a jikin kaya, wata ba ta son ko ɗaya, kuma ita ya kamata a tambaya, ba dillali ba.