Mece ce kafar nano, kuma yaya take gane ƙwayar sinadari ɗaya tilo?

Kafar nano rami ne ɗan mitsitsi, faɗinsa nanomita ɗaya zuwa biyu, wanda masu bincike ke sa ƙwayoyin sinadari su ratsa ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya domin a gane kowacce. Nanomita kuwa, sai an raba mita gida biliyan kafin a sami guda. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba ɗan Adam ne ya fara ƙera irin wannan rami ba, a wurin bakteriya aka aro shi.

Staphylococcus aureus, wadda ke haddasa maruru, tana fitar da wani dafi mai suna alfa-hemolisin. Guda bakwai na wannan furotin sukan haɗu su yi zobe, su huda tantanin ƙwayar jini, abin da ke ciki ya tsiyaye har ta mutu. Makami ne tsagwaronsa. Sai dai inda ramin ya fi matsewa bai wuce nanomita 1.4 ba, daidai yadda silin DNA ɗaya zai iya kutsawa, tagwayen sili kuma ba za su shige ba.

Ga yadda ake aiki da shi. A zuba ruwan gishiri a ɓangare biyu, a raba su da siririn tantani na maiƙo, a dasa zoben furotin guda ɗaya a jikinsa. Da an ba da lantarki kaɗan, kamar milibolt 100, ƙwayoyin gishirin masu caji za su yi ta kwarara ta ramin, na'ura tana aunawa. Duk abin da ya shigo sai ya tare hanya, kwararar ta faɗi, ta koma daidai bayan ya wuce. Tamkar mutum ne ya gitta ta ƙofar ɗaki mai duhu: ba ka ga fuskarsa ba, amma yawan hasken da ya tare da daɗewar da ya yi sun isa ka san babba ne ko yaro. Zurfin faɗuwar, tsawon lokacinta, da yawan maimaituwarta, su ke faɗin ko wace ƙwaya ce da kuma yawanta a cikin ruwan.

A ganina nan ne darajar abin take. Yawancin gwaje-gwaje matsakaicin halin biliyoyin ƙwayoyi suke bayarwa, baƙuwa guda a cikinsu ta ɓace ke nan. A nan kowacce da layinta. Kuma furotin ya fi ramin da ake hudawa a jikin silikon ta fuska biyu: kowane kwafinsa iri ɗaya ne sak, sannan ana iya sauya amino asid guda, wato ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su, a cikin ramin don ya riƙa kama wani ƙarfe ko magani na musamman. Hagan Bayley ya yi fice a wannan fanni.

David Deamer ya zana tunanin karanta DNA ta haka a 1989, a 1996 kuma shi da John Kasianowicz da Daniel Branton da Eric Brandin suka nuna silin yana wucewa. Matsalar ita ce gudu: DNA na fita kafin a tantance haruffansa. Sai aka ɗora wani enzayim, wato furotin mai gudanar da aiki, a bakin ramin yana sakin silin sannu a hankali, aka kuma koma ga ramuka masu gajeren maƙogwaro irin su MspA da CsgG. Kamfanin Oxford Nanopore, da aka kafa a 2005, ya fitar da MinION a 2014, na'urar da ke shiga tafin hannu. An yi aiki da ita a Gini lokacin annobar Ebola a 2015, a 2016 kuma 'yar sama jannati Kate Rubins ta karanta DNA da ita a tashar sararin samaniya.

Yanzu hankali ya karkata ga karanta furotin kansa, kuma aikin ya fi wuya nesa ba kusa ba. Haruffan DNA huɗu ne, amino asid kuwa 20 ne, cajinsu ba ɗaya ba, ga furotin a nannaɗe yake, dole a warware shi tukuna. Ramin erolisin, wani dafin na bakteriyar Aeromonas hydrophila, yana cikin waɗanda ake gwadawa, domin yana iya bambance gajerun sarƙoƙin da amino asid ɗaya tak ya raba su.