Waiwaye: Yadda aka raba adabi da darasin Turanci a makarantunmu

Duk wanda ya taɓa sauraron jawabin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na ranar 1 ga Oktoba 1960 ya san dalilin da ya sa ake masa kirari da mai muryar zinare. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, kafin siyasa malamin makaranta ne, kuma marubuci. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933, ya dawo Midil ta Bauchi ya kama alli. A daidai lokacin ne wani Baturen jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya gasar ƙagaggun labaran Hausa wadda ta haifar da littafin Ɓalewa mai suna Shaihu Umar. A farkon shekarun 1940 Malam Aminu Kano ya zo koyarwa a wannan makaranta, yana rubuta wasannin kwaikwayo, ga kuma Malam Sa'adu Zungur da waƙoƙinsa da zauren muhawarar da suka raya a cikin gari. Su waɗannan mutane, harshe da adabi tare suka sha su, shi ya sa bakinsu ya buɗe a Hausa da Turanci baki ɗaya.

To, a ina aka rabu?

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, takarda daban take yi wa Turanci, daban wa adabin Turanci, kuma makaranta ai jarrabawa take bi. Duk da haka an ɗan samu sauƙi bayan 1962, da kamfanin Heinemann ya fara buga jerin littattafan marubutan Afirka, yara suka fara ganin mutane irinsu a cikin labari. Sai shirin ilimin firamare kyauta ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, malamai da littattafai suka kasa wadatarwa. Da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) ya kankama a shekarun 1980, aka cusa adabi a cikin darasin Turanci na ƙaramar sakandare. A babbar sakandare kuwa Turanci ya zama dole, adabi ya koma zaɓi, galibi na 'yan ajin Arts, wato waɗanda ba na kimiyya ba.

A ganina nan ne aka yi babbar asara. Yarinya 'yar ajin kimiyya a Azare ko Kaltungo za ta iya gama aji shida ba ta karanta littafin labari ko ɗaya daga bango zuwa bango ba. Leƙa ajin da kanka: malam ya cika allo da ƙa'idojin nahawu, yara suna maimaitawa da ƙarfi, suna kwafewa. Ɗalibi zai jero maka sassan jimla tiryan-tiryan, amma ka ce ya rubuta wa kawunsa wasiƙa mai layi goma, sai ya tsaya yana tauna biro. Ba daƙiƙanci ba ne. Bai taɓa ganin yadda kalmomin nan suke tafiya tare a bakin mutane ba, kuma a gida da kasuwa Hausa ko Fulfulde ko Tangale yake ji.

JAMB ta lura da giɓin, ta sa littafin labari guda a jarrabawar Turanci ga kowane ɗalibi. Niyya mai kyau ce, sai dai da yawa taƙaitawa suke nema a WhatsApp su haddace sunayen taurari, ba su buɗe littafin ba.

Gyaran yana hannun masu horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe. Malamin da zai fito daga can ya kamata ya iya ciro darasin nahawu daga cikin labari. Ko babu littafi ga kowane yaro, ya karanta musu shafi biyu da murya, ya sa su yi wasan kwaikwayonsa, ko yaro ya ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Hausa, sannan ajin ya haɗu a mayar da ita Turanci a kan allo, jimla bayan jimla, malam yana gyara musu aikatau a inda suka yi tuntuɓe.