Ƙashin akuyarki rumbu ne, kada a bari ya ƙare

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana masu kiwo a Mai Wurno da sauran ƙauyukan Sinnar ta ƙasar Sudan. Kwanakin nan ana yawan kirana a kan akuya mai shayarwa da ta kasa tashi, ko ragon turka da ƙafafunsa suka lanƙwashe alhali ga dusa ga dawa a gabansa kullum. Wasu su ce iska ce. Sau da yawa kuwa ƙashin ne ke jin yunwa.

Mukan ɗauki ƙashi kamar busasshen icce, amma yana da rai. In aka yanko ƙashin ƙwaurin tunkiya siriri kamar ɓawon albasa aka sa a madubin likita, gini za ka gani, sahu bisa sahu kamar jerin tubali, jijiyoyin jini na ratsa tsakaninsu. Da irin wannan gini ɗan akuya ke saurin yin ƙwari. In dabba ta manyanta sai wasu zobba su bayyana, kowanne da ramin jini a tsakiyarsa, ramukan da wani likitan Ingila, Clopton Havers, ya bayyana a 1691. A ciki akwai ƙwayoyin halitta masu gini, akwai masu rushewa, kuma ba sa hutawa har dabba ta mutu.

Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, a ƙashi yake ajiye. Akuya mai ciki ko mai nono, in ba ta samu a abinci ba, daga wannan rumbu take ɗiba, masu rushewa su fi masu gini aiki, ƙashi ya yi laushi. Abin da ke ba ni tausayi, mai ragon turka ƙauna ce ke sa shi cika masa dusa da dawa, su kuwa fosfaras, wani sinadarin da ƙashi ke buƙata, ya yi musu yawa, kalsiyam kaɗan. Ana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau 2. In lissafin ya juye, ban da laushin ƙashi har tsakuwa ke toshe wa rago mafitsara.

Don Allah a riƙa haɗa musu da harawar gyaɗa, ta wake ko barsim (wata ciyawar dabbobi dangin wake), a rataya musu gishirin lasa mai sinadarai. Kanwa kaɗai ba ta wadatar. 'Yan awaki kuma su sha hantsi, kada a kulle su a ɗaki mai duhu.

Inna, in kin ga akuyarki na gwaguyar tsohon ƙashi a juji, fosfaras take nema, kuma ƙashin mushe na ɗauke da guba mai shanye jiki. A kwashe shi a binne, a kira malamin dabbobi tun tana iya tsayuwa da ƙafafunta.