Safar Hannun Ɗan Sane: Tambayoyi Kan Tsara Kayan Sata a Wasan Intanet

Me ya sa ƙaramin kaya irin safar hannun da ke taimaka wa ɗan wasa yin sane yake ba masu tsara wasa wahala?

Saboda wanda ake yanka wa aljihu mutum ne mai rai. A wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, irin Skyrim, babu wanda zai fusata don an zare masa zobe, amma a wasan da dubban jama'a ke haɗuwa, takobin da ɗan sane ya yi awon gaba da shi wataƙila mai shi ya kwashe makonni yana fafutukar samunsa. Ultima Online, wanda ya fito a 1997, ya bar 'yan wasa suna leƙa jakar juna suna ɗauke abin da ke ciki, har bakin banki ya zama matattarar ɓarayi. A 2000 aka buɗe wa wasan wani ɓangare mai suna Trammel, inda ba a iya yi wa ɗan wasa sata.

Ashe ba gara a hana sata tsakanin 'yan wasa gaba ɗaya ba?

Hanyar da World of Warcraft ya bi ke nan tun 2004, domin a can ɗan sane yana lalube aljihun mutanen da kwamfuta ke juyawa ne kawai. Hakan yana kashe rigima, sai dai yana rage armashin sana'ar.

Wane iko ya dace a ba kayan?

A ganina, babban kuskure shi ne a yi safar hannu ko zoben da zai zama layar zana, wato mai shi ya yi sata babu ko alama. Misalin Old School RuneScape ya fi hankali, ko da yake can ma ba a yi wa 'yan wasa sane: akwai safar hannu da ke ƙara damar nasara da kashi 5 cikin 100 kacal, kuma tana lalacewa idan ana yawan kama mai ita. Idan kuwa 'yan wasa za a riƙa yi wa satar, ya fi kyau kayan ya jinkirta sanarwar da ke gaya wa mutum an yi masa sata maimakon ya goge ta, ta yadda mai jaka zai farga bayan 'yan daƙiƙu, ya ga inda ɓarawon ya nufa, ya samu damar bin sawunsa. Kada kuma safar ta iya taɓa makamin da ke hannun mutum ko sulken da ke jikinsa. Kuɗi kaɗan da ƙananan kaya marasa nauyi sun isa.

Idan dubu ta cika fa?

Dole ɓarawon ya yi asarar da ta kai ribar da ya hanga. A Ultima Online sunansa kan koma ruwan toka, alamar mai laifi, kowa na iya far masa, kuma a cikin gari ana iya kiran dogarai su kashe shi nan take.

A ina ake yanke hukuncin nasara ko kamu?

A saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan. Idan aka bar wa kwamfutar ɗan wasa wannan lissafi, ko aka aika mata jerin kayan da ke jakar wasu kafin ta cancanci ganinsu, masu kutse za su sauya manhajar su riƙa cin nasara a kowane yunƙuri.