Waiwaye: tun yaushe sulhu ya koma abin da sai an yi masa talla?

Tun watan Mayun 2024 da Ingila ta fara cewa duk mai ƙarar kuɗi da ba ta wuce fam 10,000 ba sai ya yi magana da mai sulhu kafin ya ga alƙali (ta waya ake yi, awa ɗaya, kuma kyauta), tsohuwar gardamar nan ta sake tasowa a wurare da dama. Wasu na cewa ai haka ya kamata ko'ina a yi, a tilasta kawai, tunda an daɗe ana wayar da kai ba a ga komai ba. Wasu na cewa a'a, sulhun dole ai ba sulhu ba ne, a ƙara fosta da shirye-shiryen rediyo da taron bita har mutane su gane da kansu. Akwai kuma kashi na uku da ba a cika gayyatarsu taro ba, su ne masu cewa duk lokacin da aka ce musu "a zauna a sasanta" to sun san haƙƙinsu ne za a ce su yafe. Ni abin da ke ba ni mamaki a duk wannan shi ne yadda ake magana kamar jiya matsalar ta faɗo daga sama, kamar haka kawai mutane suka wayi gari ba su san sulhu ba. Alhali abin ya daɗe yana tafiya, kuma akwai inda hanya ta rabu.

Tarihin farko kowa ya san shi, ba sai na ja ba. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, ya kuma ce idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata a tayar da mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. An ruwaito Sayyidina Umar yana umartar a riƙa mayar da masu husuma su sasanta domin hukunci yana gadar da gaba. A ɓangaren ƙasashe kuma yarjejeniyar Heg ta 1899 ta amince da shiga tsakani, kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya sa shi a sashe na 33, Amurka ta kafa hukumar sasanta ma'aikata da masu kamfani a 1947. Duk wannan ana faɗa a kowace lakca, sai a yi tsalle a diro kan yarjejeniyar Singafo ta 2019 kan sulhun rigingimun kasuwanci tsakanin ƙasashe, shikenan an gama tarihi.

To abin da ake tsallakewa shi ne 1976, kuma a ganina nan ne maganar take.

A shekarar an yi jawabai biyu, tsakaninsu mako ɗaya ne kacal. Na farko ranar 31 ga Maris a jami'ar Sheffield da ke Ingila, wani farfesa ɗan ƙasar Nowe mai suna Nils Christie ya tsaya ya ce rigima ma dukiya ce, kuma tana da masu ita, wato waɗanda abin ya shafa da danginsu da maƙwabtansu, amma tsarin zamani ya karɓe ta daga hannunsu ya damƙa wa ƙwararru. Da misalin wani zama da aka yi a wani ƙauye a yankin Arusha na Tanzaniya ya fara, saurayi ne da budurwa da aka yi musu baiko ta fasa, shi kuma yana son a mayar masa da abin da ya kashe. Abin da ya ja hankalinsa shi ne su biyun ne a tsakiyar ɗaki suna magana da bakinsu, 'yan uwa na sa baki, jama'a na sauraro suna tambaya, alƙalai uku da ke wurin kuwa da ƙyar suke cewa uffan. Ya ce ku kwatanta da kotun zamani inda mai abin yake zaune a gefe wani na magana a madadinsa, har a ce masa wannan da kake son faɗa bai shafi shari'a ba, alhali shi ne ainihin abin da ke ci masa rai.

Na biyun kuma a farkon Afrilu ne, a birnin St. Paul na jihar Minnesota a Amurka, a wani babban taron alƙalai da lauyoyi da aka kira don tattauna dalilin da ya sa jama'a ba su gamsu da yadda ake gudanar da shari'a ba. An zaɓi garin ne don a nan masanin shari'a Roscoe Pound ya yi jawabi kan wannan batu a 1906, shekara 70 kenan a lokacin. A nan Farfesa Frank Sander na jami'ar Harvard ya kawo shawarar cewa nan da shekarar 2000 bai kamata a ce kotu kawai ake da ita ba, a sami cibiya guda da mutum zai shiga da matsalarsa, ma'aikacin tantancewa ya saurare shi ya nuna masa ɗakin da ya dace. Har lambar ɗakunan ya jera, ɗakin sulhu na biyu, na mai yanke hukunci da ɓangarori suka zaɓa na uku, ita kotun kanta sai ɗaki na shida. Daga baya ne aka laƙaba wa abin sunan kotu mai ƙofofi da yawa, sunan kuma ya bi shi.

Dukkansu biyun alheri suke nufi, kuma dukkansu sun ga ciwo ɗaya. Bambancin yana wajen inda kowannensu ya ajiye kujerar mai sulhu. Ɗaya ya ajiye ta a cikin unguwa, ɗaya a harabar kotu. Kuma an gwada duka biyun fa, ba a takarda aka bar su ba. A 1976 ɗin dai aka kafa kwamitocin sulhu na unguwa a San Francisco, 'yan sa-kai ne daga cikin mazauna wurin ake horarwa. A 1978 gwamnatin tarayyar Amurka ta buɗe cibiyoyin adalci na unguwa guda uku don gwaji, a Atlanta da Kansas City da Los Angeles. Nan ne abin ya fito fili. Cibiyar da ta jingina da kotu, wato alƙali ko ma'aikacin kotu ne ke turo mata mutane, ita ta fi samun ƙararraki nesa ba kusa ba, wadda kuma ta zauna cikin unguwa tana jiran mutane su kawo kansu ita ce ta zo ƙarshe a lissafi. To idan kai ne mai ba da kuɗi, aka kawo maka alƙaluma biyu, wanne za ka ci gaba da ɗaukar nauyi? Ba sai an yi mugunta ba, lissafi ne kawai. Ƙarar da aka cire daga layin kotu ana iya ƙirga ta, amma faɗan maƙwabta da aka kashe tun yana cacar baki, wanda bai taɓa zama ƙara ba, wa zai rubuta shi a rahoton ƙarshen shekara?

Daga nan sai awon nasarar sulhu ya koma rage cunkoso. A tsakiyar shekarun 1980 aka buɗe kotuna masu ƙofofi da yawa na gwaji a Tulsa da Houston da Washington, Ingila ta shigar da ƙarfafa sasanci cikin sabbin ƙa'idojin shari'arta a 1999, Legas ta buɗe irin wannan cibiya a 2002 wadda ita ce ta farko a Afirka, Tarayyar Turai ta fitar da umarninta kan sulhu a 2008. Ci gaba ne, ban musa ba, dubban mutane sun huta da ɗage zama da zirga-zirga ta wannan hanya. Amma ku duba me ya biyo baya. Mai sulhu ya zama mai satifiket da ofis da fom da ake cikewa, da yarensa na ƙwararru, kuma kafin ka gan shi sai ka fara isa bakin kotu. Wanda ya isa bakin kotu kuwa ai ya riga ya yi nisa, ya biya lauya, an kai wa abokin faɗansa sammaci a gaban iyalinsa, an daina gaisawa, kowa ya tara mutanensa. A wannan lokacin ne za a ce masa ga wata ƙofa can ta sulhu. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma sai da ya bushe muka zo da igiya.

Shi ya sa saƙon wayar da kan ma ya fito da kamannin inda aka haife shi. Ku saurari kowane talla na sulhu, abu biyu za ku ji, ya fi sauri, ya fi araha. Wannan damuwar mai kula da tarin fayil ce. Wanda aka ci wa mutunci ko aka cinye wa gado ba sauri yake nema ba, so yake a ji shi, wanda ya cuce shi ya amsa da bakinsa cewa ya yi. Idan ka ce masa zo ga hanya mai araha, abin da kunnensa ke ji shi ne matsalarka ba ta kai a ɓata wa alƙali lokaci ba. Kuma tsoron nan ba na jahilci ba ne, tun 1984 Farfesa Owen Fiss na jami'ar Yale ya yi rubutu yana jan kunne cewa idan ɓangarori biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba, mai rauni yakan karɓi abin da bai kai haƙƙinsa ba don ba zai iya jira ba, sai a kira abin sasanci. Duk wadda aka taɓa zaunarwa aka ce mata ta yi haƙuri kawai ba tare da an ce wa ɗayan komai ba ta san wannan ba sai ta karanta farfesa ba.

Abubuwan da ya kamata a ce su ne a gaba a saƙon kuma su ne ake bari a ƙarshe ko a manta da su gaba ɗaya. Cewa mai shiga tsakani ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci, ba shi da ikon ɗora maka komai. Cewa kana iya tashi ka fita in ba ka gamsu ba kuma ƙofar kotu na nan a buɗe. Cewa a yawancin dokoki abin da aka faɗa a zaman sirri ne, ba za a ɗauko shi a yi maka hujja da shi gobe ba, sannan yarjejeniyar da aka sa wa hannu ana iya kai ta kotu ta zama abin zartarwa. Da yawa har yau suna rikita mai sulhu da mai yanke hukunci da ɓangarori suka zaɓa, alhali na biyun in ya yanke ya yanku.

Alƙaluma ma sun nuna talla kaɗai bai kai ko'ina ba. A 2014, shekara shida bayan umarnin Turai, wani nazari da aka yi wa majalisar dokokin Tarayyar ya gano ƙasa da kashi 1 cikin 100 na shari'o'in farar hula da na kasuwanci ne ake kai wa sulhu. Ƙasar da ta fita daban ita ce Italiya da a lokacin take da zama sama da 200,000 a shekara, ita kuwa tilastawa ta yi tun 2011, kotun tsarin mulki ta soke tsarin a 2012, aka dawo da shi a 2013 da sassauci, wato dole ka halarci zaman farko amma kana iya cewa ba ka ci gaba. Turkiyya ta bi sahu a 2018 kan rigingimun ma'aikata. Masu goyon bayan tilastawa da waɗannan alƙaluman suke kafa hujja, kuma gaskiya hujjar tana da ƙarfi, sai dai ni ina ganin har yanzu a cikin harabar kotun nan ake ta kewaye, an dai matsar da ƙofar ne ta zo gaba.

Ɗayar hanyar kuma ba ta mutu ba, an dai daina ambatonta ne a manyan taruka. Nowe ta ɗauki maganar Christie da gaske, ta fara gwajin majalisun sasanci a garin Lier a 1981, ta mai da su doka a 1991, kuma talakawan gari ne masu sulhun, ba lauyoyi ba. Filifin tun 1978 ta ce yawancin rigingimun mutanen gari ɗaya sai sun bi ta kwamitin unguwa kafin kotu ta karɓa. Siri Lanka ta kafa kwamitocin sulhu da dokar 1988, Ruwanda kuma ta kafa abunzi a 2004, mutane ne da jama'a ke zaɓa daga cikinsu don an san su da gaskiya. Su ma suna da nasu matsalolin, inda kowa ya san kowa mai faɗa a ji yana iya danne na ƙasa, kuma akwai laifukan da sam bai kamata a kai su irin wannan zama ba, kamar duka da fyaɗe. Amma abu ɗaya da ba sa fama da shi sosai shi ne neman a san da su, tunda mai sulhun ga shi nan a layinku, kun san gidansa.

Ranar sasanta rikici da ake yi duk Alhamis ta uku a watan Oktoba, a 2005 aka fara ta a Amurka, kusan shekara 30 bayan waɗancan jawabai biyu. Yarjejeniyar Singafo kuma da ƙasashe 46 suka sa wa hannu ranar 7 ga Agustan 2019, ta manyan rigingimun kasuwanci ce tsakanin ƙasashe, ta ma cire rigimar iyali da gado da ta ma'aikaci da ubangidansa daga cikinta ƙarara, waɗanda kuma su ne suka fi hana yawancinmu barci.