Rawar Hip-hop a Matsayin Motsa Jiki

Rawar hip-hop suna ne da ya tattara raye-rayen titi da suka taso tare da kiɗan gambarar zamani a Amurka. Ta haɗa tsalle, durƙuso, juyi da saurin taka ƙafa, shi ya sa a yau mutane da yawa ke yin ta don motsa jini kawai, ba don gasa ba.

Asali

An fi danganta farkonta da wani biki da DJ Kool Herc ya yi wa kiɗa a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 11 ga Agusta, 1973. Ya yi suna wajen maimaita gaɓar da murya ke ɗaukewa a bar ganguna kaɗai. A wannan gaɓar samari ke faɗawa fili, daga nan salon birekin, wato rawar juyi a ƙasa kan hannu, baya ko kai, ya fito. A Kalifoniya kuwa Don Campbell ya ƙago lokin, inda mai rawa ke ƙamewa cak a tsakiyar motsi, Boogaloo Sam kuma ya yaɗa fofin, salon matse tsoka da sakinta, daga garin Fresno. Birekin ya kai har gasar Olamfik ta Faris a 2024, amma ba ya cikin wasannin Los Angeles na 2028.

Abin da take yi wa jiki

Mai wannan rawa ba ya tafiya da gudu ɗaya. Ya zabura na ɗan lokaci, ya lafa, ya sake zabura, zuciya da huhu suna biye da shi. Durƙuson da ake yawan yi yana ƙarfafa cinya da ƙugu. Fofin matse tsoka ne da sakinta daidai da bugun kiɗa, birekin kuma yana ɗora nauyin jiki a kan hannu, kafaɗa da ciki. Wanda ya taɓa kallon 'yan koroso suna lanƙwasa jiki ba zai ga baƙon abu a nan ba. Haddace taku ma aiki ne ga ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar yin motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150. Rawar minti 50 sau uku a mako ta cika mafi ƙarancin adadin matsakaicin. Gane matakin ba wuya: in mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, matsakaici yake yi, in kuwa kalma biyu ko uku sai ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani. Babban abin da rawar ta fi sassarfa da shi, a gaskiya, kiɗan ne. Yana ɗauke hankali daga gajiya, sai mutum ya jiƙe sharkaf da gumi bai ankara ba.

A Jos

Jos ba baƙuwa ba ce ga wannan harka. A nan aka haifi tagwayen P-Square, Peter da Paul Okoye, a 1981, kuma da rawa suka fara tun suna makarantar sakandare kafin waƙa ta fito da su. Mawaƙan gambara M.I Abaga, Jesse Jagz da Ice Prince duk a garin suka tashi.

Yanayin garin na da nasa hukunci. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu ba ya wasa. Tsokar da ba ta ɗumama ba saurin cizgewa take yi, don haka mai atisayen asuba na buƙatar kamar minti 10 na taku a hankali kafin ya fara tsalle. Sai batun daɓe. Yawancin tsakar gida da harabar makarantu siminti ne, shi kuwa siminti ba ya tausaya wa gwiwa. Samarin Bronx kwali suke shimfiɗawa, wanda ke rage gurjewa amma ba ya rage bugu. Takalmi mai taushin ƙasa ya fi amfani.

A unguwannin Hausawa irin su Anguwar Rogo da Gangare, rawa a bainar jama'a ba abin da iyaye da malamai da dama ke maraba da shi ba ne, saboda cakuɗuwar maza da mata da kuma kalaman wasu waƙoƙin. Masu son motsa jikin ba tare da wannan ba kan yi shi a ɗaki, da waya da kiɗan da babu murya. Da azumi kuma an fi jinkirta shi zuwa bayan shan ruwa.

Haɗura

Targaɗen idon sawu, ciwon gwiwa da na wuyan hannu su ne suka fi yawa. Juyi a kan kai na iya illata wuya, bai kamata ɗan koyo ya gwada shi ba sai da mai koyarwa a kusa. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma, da mace mai juna biyu, su tuntuɓi likita tukuna. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin rawa ya tsaya nan take ya nufi asibiti.